Injin da Baban Hafsatu Ya Sayo

Laraba, bayan isha'i

Kafin Baban Hafsatu ya tafi Gummi mun duba injin zuƙar ƙura mai caji iri biyu a wayarsa. Na zaɓi mai faffaɗan baki don share ɗaki, ya ce to. Hafsatu ta fara rarrafe, shi kuma kullum da ƙurar dutsen zinariya yake shigowa. A Yargalma na tashi, na san abin da gubar dalma da ke cikin ƙurar nan ta yi wa ƙannena.

Ya dawo da ƙarami mai siririn baki. Ya ce, "Duk ɗaya ne, Inna ma da tsintsiya ta raine mu."

Da la'asar na leƙa waje, na gan shi yana share kujerun motarsa da shi.

Na goya Hafsatu, har yanzu ban sauke ta ba.