Sawun Tayarka, Yaya

Zuwa ga Yaya Habu,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, tare da fatan ka iske rahamar Ubangiji a inda kake, na rubuto ne in shaida maka na isar da saƙonka. Na san ba za ka karanta ba. Masu leƙa wannan shafi su yi mini haƙuri, da kai nake magana.

Gida lafiya. Matarka tana takaba, tana ɗan taɓa abinci idan an matsa mata. Ni kuwa mutanen Gumel sai yaba mini suke yi, wai na iya dauriya. Wallahi Yaya ba dauriya ba ce, ban ji komai ba ne kawai. Na kama makara, na shiga kabari na karɓe ka, na dawo gida na ci tuwo har da ƙari. Ina ta jiran abin ya zo, shiru.

Ka tuna abin da ka ce mini a gadon asibiti, lokacin da muryarka ta fara shaƙewa. Ba ka yi zancen gida ko gona ba. Ka ce, "Ka je wa Baffa Manu da ƙafarka. Kada ya ji a kasuwa." Baffa Manu, Bafulatanin nan da kuka ƙulla aminci tun kana malamin dabbobi kana yi wa shanunsa allura, wanda ya ƙi riƙe waya wai tana hana mutum jin kukan saniyarsa. Duk Alhamis yana cin kasuwar Maigatari. Na gane abin da kake gudu: kada wani dillali ya jefa masa labarinka a tsakiyar cinikin bijimi, ya wuce abinsa.

Na ce to. Sai da aka watse daga zaman makoki, Alhamis ta matso, sannan na tuna ban san hanyar rugarsa ba.

Ka ji abin dariya, ko? Ni da muka sha zuwa tare. Ko sunan wurin ban sani ba, balle in gaya wa ɗan acaba. Kai dai "wajen Baffa" kake cewa. Abin da na sani kawai yana can yamma da gari, inda ƙasar Gagarawa ke haɗuwa da ta Sule Tankarkar.

Laifinka ne, ka yarda. Da ka yi ritaya ka ƙi jingine keken nan. Kowace Asabar sai ka fita daji yawo, ba aike ba ciniki, har a majalisa ana cewa Malam Habu ya fara zarewa. Da likita ya ce jinina ya hau, in riƙa motsa jiki, sai ka samu abokin hauka. Ranar farko na kafe a rairayi, na faɗi, na tashi ina zage-zage. Ka dawo ka rage mini iskar taya, ka ce, "A yashi ba a neman sabuwar hanya. Sa tayarka a sawuna." Na gwada, sai ga keke yana tafiya sumul, don tayarka ta riga ta danne ƙasar.

Tun daga ranar kaina a sunkuye yake. Kana gaba kana nuna mini duniya: ga tudu ya hau ya sauka, ga gero ya yi kai, ga zoɓo ya yi ja a kwari, ga garke can gindin gawo. Ina cewa na gani, alhali idona na kan sawunka. Tayarka ta baya tana da wata tsaga da ka ɗaure da roba ka ƙi sauyawa, duk juyi sai ta buga tambari a ƙasa. Tambarin nan na fi saninsa da ƙeyarka.

Ranar Laraba da hantsi na fito. Tayar kekena ta sace tun kana kwance, don haka naka na ɗauka. Sirdin ya yi mini tsawo, ban taɓa shi ba. Na bi kwalta har kukar nan da muke sauka mu rage iska, ita kam na gane ta. Na rage, na shiga burtali, hanyar shanun nan da ke ratsa gonaki. Ba sawun komai sai na kofato.

Kaka ta yi kyau bana, Yaya. An yanke riɗi an jingina shi tsaye yana shan rana, kankana na kwance a fili ba mai tsaro. Shirun nan da kake so yana nan, sai ƙarar sarƙa da kukan kurciya. Na duba duka, don a karon farko kaina a ɗage yake. Ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba. Kamar dai an ba ni abinci ina mura.

Inda burtalin ya rabu na ɗauki dama, ya kai ni gonar wake ya ƙare. Na juyo. Na hau wani tudu na gangara, rairayi ya riƙe ni, na sauka na tura. Gumi ya jiƙa mini riga. Na fara tunanin idan rana ta faɗi ban same shi ba, gobe da sassafe zai kama hanyar Maigatari, shi ke nan abu ɗaya da ka roƙe ni ya gagara.

Kekenka ne ya fitar da ni. A wata rijiya mata na jan ruwa, na sauka na gaishe su yadda ka koya mini, don ka ce ba a wuce mutane a kan sirdi. Wata dattijuwa ta dubi keken, ta dube ni, ta tambayi ina mai shi. Na faɗa mata. Ta saki guga tana salati. Da ta natsa ta nuna mini wata goruba can nesa, ta ce ta gindinta kake bi.

Haka aka yi ta yi. A ƙauye na gaba wani malamin tsangaya ne a inuwa yana duba alluna, ya gane ƙararrawarka tun kafin in sauka. Na faɗa masa, ya ɗaga hannu ya yi maka doguwar addu'a, ya nuna mini hanya. Gaba kuma masu sussukar gero. Ashe duk ƙasar nan ta san inda kake bi, ni kaɗai ne ban sani ba. Kowa sai na gaya masa ka rasu kafin ya nuna mini gaba, ina faɗa kamar mai karanta sanarwa a rediyo. Su suna share hawaye, ni ina tambayar hagu ko dama.

Bayan azahar na isa. Baffa na zaune gindin aduwa yana tufka igiya. Ya ga keken, ya ga wanda ke tura shi, hannunsa ya tsaya. Kafin in buɗe baki Inna matarsa, da ta ji ƙarar keke daga cikin bukka, ta fito da ƙwaryar fura da ludayi biyu, kamar kullum.

Na durƙusa na faɗa masa da bakina, Yaya, a gidansa, ba kowa sai mu. Ya yi innalillahi. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauke ludayi ɗaya daga kan faifan, ya riƙe shi a cinyarsa, hawaye na bin gemunsa. Ya ce da a kasuwa ya ji, da bai san yadda zai kawo kansa gida ba. Ina kallonsa. Na sha furar, ta yi daɗi, na shanye.

Da la'asar na yi sallama. Ban tambayi kowa hanyar komawa ba, don ina fita daga rugar na gan shi kwance a rairayi: sawun tayarka, da tambarin robar nan, yana tafiya gabana. Na san ni na yi shi da rana. Na sani sarai. Amma kaina ya sunkuya da kansa, na sa taya a ciki, keke ya tafi sumul.

Na bi ka, Yaya. Ta masussuka, ta tsangaya, ta gindin goruba, ta rijiya. Har gonar waken nan da na ɓata da safe na sake shiga na fito, ban ko lura ba sai daga baya, don ban taɓa tuhumar sawunka ba. Tun da ka kwanta ban samu natsuwa irin ta wannan tafiyar ba. Ba na tunanin komai, kana gaba ina baya.

A gindin kuka, bakin kwalta, sawun ya ƙare. Na sauka na riƙe keke, kamar yadda nake yi kullum, ina jira ka ciro famfo ka mayar mana da iska. Motocin hatsi na wucewa, ina tsaye. Ban san iya daɗewar da na yi ba kafin in duba ƙasa in ga famfon a maƙale jikin keken da ke hannuna.

Na tsuguna na busa da kaina. Har yanzu ban yi kuka ba, kada ka ce na yi maka ƙarya. Amma sai da na yi ta gwadawa kafin bakin famfon ya shiga.

Allah Ya jiƙanka, Yaya Habu. Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka makwanci, Ya haskaka shi. Yadda ka danne mini rairayi na wuce, Allah Ya sauƙaƙa maka abin da ke gabanka. Ya ba Baffa da Inna haƙuri, Ya ba matarka da 'ya'yanka dangana. Ni kuma idan tawa ta zo, Ya sa in cika da imani, in iske ka a gaba.

Keken yana zaure. Ban sauya tayar ba.

Naka ƙane,
Sule