Duwatsun Mutum Bakwai da Aka Mayar Matakala

Zuwa ga:
Mai Girma Mista Erlend Isbister,
Shugaban Kwamitin Hanyoyin Ƙafa,
Majalisar Garin Skerravoe.

Daga:
Misis Osla Mouat,
Gida na 4, Layin Bayan Tasha, Skerravoe.

21 ga Oktoba, 2024

Game da: Rushe Tarin Bakwai da ke kan Tudun Kame, da abin da ya biyo baya

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da kujerarka, ina roƙon ka daure ka karanta wannan takarda har ƙarshe. Shekaruna saba'in da huɗu, ban taɓa kai ƙarar kowa gaban hukuma ba.

1. Ranar 14 ga Nuwamba, 1983, jirgin kamun kifi mai suna Solan ya fita daga tashar nan da mutum bakwai, bai dawo ba. Ko gawa ɗaya ba a samu ba. Mijina, Lowrie Mouat, yana cikinsu. Da sanyi ya wuce, mu matansu da iyayensu mata muka yi ta jidar duwatsu a kwando daga bakin teku zuwa kan Tudun Kame, muka tara su daidai inda muka saba tsayawa muna hangen jirage. Aka sassaƙa sunan kowannensu a kan faffaɗan dutse. Wannan shi ne Tarin Bakwai. Ba mu da wani kabari sai shi.

2. A watan Mayun bana kwamitinka ya ɗauko ma'aikata daga tsallaken teku domin gyara hanyar da kuka sa wa suna Hanya ta Uku a ɗan littafin da ake raba wa baƙi, inda aka rubuta cewa gajeriyar tafiya ce mai sauƙi, ta minti arba'in. Ranar 3 ga Yuni na hau tudun, na tarar babu tarin. An kwashe duwatsun an jera su matakala a gangaren nan mai taɓo. Sunan Lowrie shi ne matakala ta shida daga ƙasa, rubutun yana kallon sama. Da na yi wa shugaban ma'aikatan magana, ya cire hularsa ya ce, "Mama, ki gafarce mu, a taswirarmu tarin duwatsu kawai aka rubuta." Na yarda da shi, kuma ba shi na kawo ƙara ba.

3. Na zo ofishinka ranar 5 ga Yuni, na sake zuwa ranar 2 ga Yuli. Duk sau biyun an ce mini za a tattauna a zama na gaba. Har yau ban ji komai ba, kuma kowane jirgin fasinja ya iso sai an ƙara taka sunan mijina.

4. Ban da wannan, akwai hatsari. A wurin tarin ne hanya take karyawa hagu. Wanda ya miƙe, taku talatin kawai zai yi dutsen ya yanke, ƙasa kuwa teku ce. Duk ɗan garin nan ya san idan hazo ya rufe sai ya laluba tarin, ya bar shi a damansa. Ɗan guntun katako mai alamar kibiya da aka kafa a wurin bai kai gwiwata ba, kuma ba a ganinsa cikin hazo.

5. Ranar 9 ga Satumba, wajen ƙarfe uku na rana, wata baƙuwa 'yar ƙasar Holan, Misis Annelies Vroom, ta buga mini ƙofa, da yake gidana ne na farko idan an sauko. Gwiwoyinta duk taɓo. Na zaunar da ita na haɗa mata shayi. Ta ce hazo ya rufe ta ta miƙe, har tana jin ƙugin ruwa a ƙarƙashin ƙafarta, sai ga wani mutum cikin rigar ruwa ruwan ɗorawa tsaye a gabanta. Hannu kawai ya miƙa ya nuna mata hagu. Ta ce ruwa yana ta zuba daga hannun rigarsa alhali ba a ruwan sama, kuma hannun da ya nuna da shi babu yatsu biyu. Tana so in gaya mata gidansa ta je godiya.

Yallaɓai, igiyar komar kamun kifi ta cire wa Lowrie yatsu biyu a 1979. Na ce mata zan isar da godiyar.

6. Tun daga nan wasu baƙi sun faɗi irin wannan, ranar 28 ga Satumba da 12 ga Oktoba, duk ranakun hazo. Cikin matan da suka jidi duwatsun, ni da maƙwabciyata Baabie Tulloch kaɗai muka rage. Da na ba ta labari ta ce, "Ke Osla, mijin nan naki da shisshigi! Yana raye ma bai iya ganin baƙo ya ɓace hanya ya yi shiru ba." Muka yi dariya, sannan ta kifa kai a kan tebur ta daɗe ba ta ɗago ba. Nata mijin da ƙanenta su ma suna cikin bakwai ɗin, amma su ba wanda ya gan su.

Na san kwamiti ba ya zama a kan irin wannan magana, kuma ban nemi a yarda da ita ba. Hazon da taku talatin ɗin dai kowa zai iya zuwa ya auna.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a rufe Hanya ta Uku tun yanzu, a ciro duwatsun a wanke su, a mayar da tarin mazauninsa kafin 14 ga Nuwamba, a kuma sa sunansa a taswirarku. Ni da Baabie mun san inda kowane dutse yake zama, za mu nuna idan an taimaka mana da hawan.

Abin da na sani shi ne, shekara arba'in ba wanda ya ga mijina a tudun nan sai da aka rushe tarin. Aikin duwatsun ne ya koma kansa. Mutumin nan ya shiga teku tun yana ɗan shekara goma sha huɗu, a cikinta kuma ya ƙare. Bai kamata a ce har yanzu yana tsaye a jiƙe yana yi wa majalisa gadin hanya ba. Ina roƙon Yallaɓai ya sallame shi.

Allah ya ƙara girma, ya yi maka jagora.

Taka mai biyayya,
Osla Mouat