Malam Ya Roƙi Ruwa a Gabon

Zuwa ga ƙanwata Rabi, a Agiye.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina hidima? Yaya maigidan da yara, yaya ƙafar Inna? Yaya kuma hayaniyar sababbin jam'iyyun nan da muke ji a rediyo? Mu nan Gabon jiki lau, rai ne dai a ɓace.

Ƙasar nan da aka turo Malam karantar da sababbin musulunta, ruwan sama ba ya ɗaukewa. Wanki ba ya bushewa, geron da na zo da shi ya yi funfuna, kullum sai rogo. Juma'ar da ta wuce ambaliya ta ci gidajen unguwarmu, mutane suka zo masallaci a jiƙe sharkaf. Malam ya ɗaga hannu, sai bakinsa ya bi abin da ya saba tun yana limanci a gida: "Allah ka shayar da mu, ka ƙaro ruwa!" Tafinta kuwa ya juya musu tas. Ko mutum ɗaya bai ce amin ba. Tun ranar ɗalibai da yawa suka ɗauke ƙafa.

Na ce, "Haba Malam, da furfurarka, ba ka ga halin da suke ciki ba?" Ya ce, "Hajiya, wanda ya binne ɗansa a shekarar fari, bakinsa ba ya iya cewa ruwa ya isa." Na ƙyale shi, tunda ni na haifi ɗan.

Ku sa mu a addu'a, ki gaida Inna da kyau. In damina ta yi muku jinkiri bana, ki faɗa wa mutanen Agiye ruwansu yana nan kan rufinmu, Malam ya hana shi tafiya.

Yayarki,
Hadiza