Matata Na Kiran Wani “Maigida” a Cikin Tasi

Anti, ki taimake ni kafin in yi abin da zan yi da-na-sani. Matata tana aiki a kantin magani, sai dare take tashi, ta hau tasi. Rannan na fita bakin titi sayen kati, sai ga ta tana saukowa, waya a kunne, tana cewa maigida ga ta ta iso, a buɗe mata ƙofa. Alhali wayata na aljihuna shiru!

Da na tsare ta, ta ce abokin aikinta ne. Wai da ta shiga mota sai ta kira shi, ta faɗa masa lambar motar da ƙarfi, su yi ta hira har gida, don direba ya san akwai namijin da ke jiranta. Tun ranar da wani direba ya kauce hanya da ita, sai da ta yi ihu, ta fara hakan. Wai ta sha kirana ban ɗauka ba. To, gaskiya in ina kallon ƙwallo ba na jin waya. Amma duk duniya ta rasa wa za ta kira sai wannan mai fesa turare kamar zai je biki? Kishi ya hana ni barci. Na hana ta kiransa, yanzu tana dawowa a tsorace, ba ta ko kallona.

Miji mai damuwa

Ɗan'uwa, kishinka ba hauka ba ne. Sunan maigida naka ne, kuma ta yi kuskure da ta ɓoye maka. Sai dai dabarar nan mata da yawa na yin ta, tsoro ne ke sa su, ba soyayya ba. Ka raba ta da abin da ke kare ta, ba ka ba ta komai a madadinsa ba.

Ka ba ta haƙuri yau. Lokacin tashinta wayarka ta kasance a hannunka, ka rubuta lambar motar, ka fito bakin titi direba ya ga fuskarka. Ku nemi direba guda amintacce. Ranar da ba ka da hali, yayanta ko ƙanwarka su karɓi kiran. Mai turaren nan bai ƙwace maka matsayi ba, ɗaukar waya kawai ya yi. Gobe ka riga shi.

Allah ya tsare ta a hanya, ya sanyaya zuciyarka.