Gaisuwa a Ƙofar Gareji

Saint-Fons, kusa da Lyon, ranar Lahadi

Zuwa ga matata Mutmainna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da duk mutanen gida a Damagaram. Yaya ƙafar Inna? Ni jikina lafiya, zuciya ce ke tafasa. Na zaɓi rubutu ne don in na kira ki muryata za ta tona ni, ga Inna kullum kusa da ke.

Ƙaninki Mika'il ya ja mini. Kin san shekara da shekaru mu direbobin manyan motoci muna ɗauko kaya daga manyan shagunan Aubervilliers a Paris, mu biyo ta Lyon, mu kai Sipaniya. To, kamfaninmu ya ce an daina. Yanzu tirela za a ja ta zuwa tashar jiragen ruwa ta kudu, a kwance ta daga kan mota, a tura ta cikin jirgi ita kaɗai. Jirgi ɗaya yana haɗiye tirela fiye da ɗari. Ba ya biyan kuɗin hanya, man da yake sha bai kai namu ba, ba ya tsayawa barci, kuma ba shi da iyali a Damagaram. Rabinmu za a sallama. Wanda ya zauna a ofishin Paris ya yi musu wannan lissafi kuwa, yaron nan ne da kika ɗora hannunsa a kan nawa a tashar mota, kika ce amana.

Ba wanda ya san alaƙarmu sai jiya. Mun shiga yajin aiki, mun tare ƙofar gareji, mun cinna wa tayoyi wuta, sai ga shugabannin kamfani sun iso, shi yana bayansu cikin kwat. Yana hango ni ya bar su, ya ratso direbobi, ya durƙusa a gabana kamar a zauren Baba. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya shiga tambayar kwana da gajiya da labarin gida. Na yi ta yi masa ido ya tashi, amma ina! Sai da ya kai gaisuwar ƙarshenta.

Abokan aikina ba sa jin Hausa. Abin da suka gani kawai shi ne mutumin kamfani ya rusuna wa Chaibou. Nan take aka fara cewa ni na sayar da su. Don in wanke kaina na kwaɗa masa mari, har tabaransa ya faɗi. Ya ɗauka, ya dube ni, ya koma wurin shugabanninsa. Marin kuma bai wanke ni ba, don da yamma na tarar an farfasa gilasan motata, an yi fitsari a kujerata.

Kada Inna ta ji. Ki sa mu a addu'a.

Mijinki,
Chaibou


Asibiti, Lyon, ranar Juma'a

Mutmainna,

Sallama da fatan alheri gare ki da yara. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun, da ido ɗaya nake yinsa.

Yaron nan ya dawo. Shi a tunaninsa, tunda babba ya mare shi, dole ya zo ya ba da haƙuri. Ya hau jirgin ƙasa tun daga Paris, ba rakiya, da ƙunshin kilishi a hannu, ya nufo ƙofar garejin kai tsaye. A ranar kuwa 'yan sanda sun gama watsa mana hayaƙi mai sa hawaye, sun fasa wa mutum biyu kai, kowa yana neman wanda zai huce a kansa.

Bruno ne ya fara gane shi. Bruno da muka sha raba abinci a bakin hanya, wanda ya jinginar da gidansa ya sayi tasa motar don wannan hanya ta Sipaniya. Ya shaƙo wuyan kwat ɗin, ya maka yaron da ƙasa, sauran suka rufe shi da shuri. Na ga takalman aiki masu bakin ƙarfe suna sauka a haƙarƙarinsa, kilishi ya tarwatse a kan kwalta, shi kuwa yana ta kiran Yaya.

Wallahi na ɗan tsaya, Mutmainna. Haushinsa bai bar ni ba tukuna. Amma da na ga Bruno ya ɗaga ƙarfen da muke ɗaure kaya da shi, yana auna kansa, ban san lokacin da na faɗa a kan yaron ba. Ƙarfen ya same ni a fuska. Na ji ƙara cikin kaina kamar an fasa tulu, jini ya cika mini baki. Duk da haka na miƙe na kama wani na karya masa hanci, kuma ban yi nadama ba. Suka sake kai ni ƙasa. Hannuna biyu dai suna kan Mika'il har aka janye mutanen daga kanmu.

Haƙarƙarinsa biyu sun tsage, za su haɗe. Ni gobe za a sake shiga da ni ɗakin tiyata.

Naki,
Chaibou


Belleville, Paris, ranar Talata

Matata Mutmainna,

Ina gaishe ki gaisuwar kewa, ina fatan yara suna lafiya, Inna kuma ta samu sauƙi.

Ina ɗakin Mika'il, shi ke jinyata. Ya bar mini gado yana kwana a ƙasa, yana dama mini kunu mai gudaji, ina sha ina yi masa tsiya. Jiya na sa shi ya bayyana mini lissafin nasa tun daga farko. Ya yi yana kuka. Na nemi inda ya yi ƙarya ban samu ba: jirgin ya fi arha, ya fi tsabta, kuma da bai lissafa ba wani zai lissafa. Wannan ya fi mini ciwo fiye da ƙarfen Bruno. Jirgin farko ya tashi tun makon jiya, cike da tirelolinmu.

Yanzu ga abin da na ɓoye miki. Idon dama ya tafi, sun cire shi. Likita ya ce babbar mota ta haramta gare ni har abada. Ƙashin kuncin ma an ɗaure shi da ƙarfe, bakina ya karkace. Ba abin da ya rage mini a ƙasar nan, don haka gida zan dawo kafin azumi.

Ki je ki faɗa wa Inna ɗanta yana tafiya da ƙafafunsa, yana gani da idanunsa biyu. Sauran labarin ki bar shi tsakaninmu, kuma kada ki yi masa faɗa, tarbiyyar gidanku ce ya bi.

Abu ɗaya nake roƙonki. Na sa hotona a cikin wasiƙar nan. Ki fara dubawa ke kaɗai, ki yi kukanki ki gama. Sannan ki riƙa nuna wa yara a hankali, musamman autarmu Raihana, don kada ta gudu ta ɓuya a bayanki ranar da na yi sallama.

Allah Ya sada mu da alheri.

Mijinki har kullum,
Chaibou