Ƙwaryar Lydia

Ɗakin Shan Magani, Birnin Gwari
9 ga Janairu, 1972

Zuwa ga Likita Solomon,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Alice da yara. Yaya aiki, yaya Zariya? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta fara ƙorafi.

Ladan ne, wanda kuka zauna benci ɗaya shekara huɗu a makarantar likita, wanda ya riƙa yi maka bitar ƙasusuwan hannu har ka haddace. Kai ka fito da takarda, ni aka kore ni don na tafi jana'izar mahaifina ba izini. Ba tone-tone ya sa na rubuto ba. Shekara ashirin da biyu ina wanke gyambo a garinku da ka bari, ban taɓa roƙonka komai ba. Yau zan roƙa.

An kawo mana akwatin magani, an naɗe kwalaben da yagaggiyar mujallar likitoci. Ina warwarewa na ga sanarwa: za a yi taro a watan Mayu kan jinyar waɗanda ke bakin mutuwa. Suna neman taƙaitaccen bayanin bincike, kada ya wuce kalma ɗari biyu da hamsin, a buga da tafireta kwafi uku, ya isa kafin ƙarshen Fabrairu. Can ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe, sai wanda likita ya sa wa hannu. Ka ga inda ka shigo.

Manomanmu na gefen dajin Kamuku suna taka kututture, ko fartanya ta sare su, bayan kwana goma a kawo su haƙora a sarƙe, baya a lanƙwashe. Ka san ciwon: ƙara kaɗan ko haske sai ya murɗe mutum har numfashi ya tsaya. Shekara shida da suka wuce na toshe tagar ɗakin ajiya da buhu, na mai da shi ɗakin duhu. Ni kaɗai ne, ga layi a waje, dangi kuma ba su san agogo ko rubutu ba. Sai na ba mai jinya ƙwarya da masara: duk murɗa ɗaya, a jefa ƙwaya ɗaya. Sau huɗu a yini nakan ƙirga, in san yawan allurar kwantarwa da zan yi. Mutum arba'in da ɗaya sun kwanta a ɗakin nan, ashirin da tara sun koma gona da ƙafarsu.

Yanzu wani sabon jami'in lafiya, wanda ina bakin aiki aka yaye shi, ya leƙa ya toshe hanci ya ce bokanci ne. Ya rubuto a rufe ɗakin ƙarshen Afrilu, duk mai ciwon a sa shi a mota zuwa Kaduna. Solomon, ka san hanyar nan. Uku na taɓa aikawa, biyu gawa aka sauke. Mutumin ba ya jin maganata, amma zai ji takarda mai hatimi.

Ni zan rubuta, kai ka sa hannu. Ka gaishe da mutanen gida.

Ni ne naka,
Ladan Abarshi

Birnin Gwari
30 ga Janairu, 1972

Abokina Solomon,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, amsarka ta zo ranar kasuwa. Na gode. Na ga har yanzu rubutunka kamar kaza ta bi ta kan takarda, da haka na tabbata kai ne.

Ga bayanin nan a ciki, kwafi uku. Bature akawu ya buga mini, ya ɓata takarda tara, yana cewa tun da yake bai taɓa ganin mutumin da ke ƙirga kalma kamar goro ba. Turancina bai mutu ba, tsatsa ya yi. Amma ba Turanci ne ya wahalar da ni ba.

Da na jera alƙaluman, na mutum ɗaya ya ƙi zama da 'yan'uwansa. Andrawus na ƙauyen Saminaka da ke nan kusa da mu, wanda aka kawo bara da damina. Wanda ciwon ya fi tsananta wa, ƙwaryarsa ba ta wuce arba'in a yini ba. Ta Andrawus ta kai casa'in, alhali na rubuta da hannuna cewa jikinsa da sauƙi. Na bi ƙwarya na ƙara allura, rana ta huɗu numfashinsa ya yi ta raguwa har ya tafi.

Na hau keke zuwa Saminaka. Na tarar da matarsa Lydia tana sussukar dawa, ta ba ni ruwa, na tambaye ta yadda take jefa masara. Ko ɗar ba ta yi ba. Ta ce, “Malam, na lura wanda ƙwaryarsa ta cika shi kake yi wa allura da yawa. Ni kuwa mijin nan shi ke nan gare ni. In ka fita sai in ƙara masa da hannu.” Da ta ga fuskata sai ta ajiye taɓarya ta tambaye ni ko abin da ya kashe shi ke nan. Na ce mata hannuna ne ya yi allurar, kuma ban taɓa gaya wa kowa cewa yawanta yana kashewa ba. Ta zauna a kan turmi, ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Tun ranar na canja tsari. Masu ƙirga biyu ne yanzu, daga gida daban-daban, ɗaya da masara ɗaya da wake, kuma kafin in ba mutum ƙwarya sai na gaya masa labarin nan. Kalma talatin na ba shi a cikin bayanin. Ka duba, ka sa hannu, ka aika.

Naka,
Ladan

Birnin Gwari
14 ga Fabrairu, 1972

Solomon,

Ina gaisuwa, Allah ya ba Alice lafiyar ƙafar da ka ambata.

Na karanta shawararka sau uku. Ka ce in cire Andrawus, a bar arba'in cif, don jami'in nan zai kama kalma talatin ɗin ya ce ga shaida daga bakina cewa ƙwarya tana kisa. Ka ce kuma sunanka ne zai zauna a ƙasa. Na sani. Kai kana da suna da za a ɓata, ni an gama da nawa tun ina saurayi.

Ba zan cire ba. Idan takardar nan ta shiga, wani irina a wani ƙauye zai karanta ya ɗauki ƙwarya, kuma a kowane ƙauye akwai mace mai son mijinta. In ɓoye masa, na kashe masa mutum tun daga nan. Gara a rufe ɗakin da sanina.

Saura kwana goma sha biyar. Idan hannunka ba zai iya ba, ka dawo mini da takardun a motar Bappa mai zuwa Laraba. Zan tafi Kaduna in bi ƙofa-ƙofa har in sami likitan da zai sa, ko da zan gaishe da yaran da na girme wa iyayensu. Ba fushi nake ba. To, ina ɗan yi.

Ladan

Birnin Gwari
23 ga Afrilu, 1972

Zuwa ga abokina Solomon,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Ina gajiya? Laraba uku na tsaya bakin tasha, Bappa bai kawo komai ba, har ya fara tsokanata wai ko budurwa nake jira. Ashe ka aika yadda yake, ba ka taɓa kalma ɗaya ba. Da ka rubuto ka faɗa, da ka rage mini zagin da na yi maka a zuci. Ka yafe.

Takardar karɓa da ka turo ta iso. Minti goma suka ba mu. Na ga sun rubuta sunanka da manyan baƙaƙe, ni kuma “da wani ma'aikacin ƙauye”. Na yi dariya har Bature ya leƙo. Ƙasar nan ba ta canja ba.

Na kai ta Kaduna da kaina. Kwana biyu ina kan benci kafin jami'in ya gan ni. Ya shafa hatimin da yatsa, ya karanta bayanin, kuma kamar yadda ka faɗa, kan Andrawus ya tsaya. Ya tambaye ni wa ya tilasta mini rubuta wannan. Na ce babu. Sai ya ce ya ɗaga rufewar zuwa shekara guda, zai zo da kansa ya ƙirga, in ya sami kuskure ɗaya da na ɓoye zai sa kwaɗo da hannunsa. Na ce ya zo da damina, lokacin ne aikin yake.

Taron kuwa ba zan zo ba. Shekaranjiya aka kawo wata Tasalla, ƙaya ta soke ta wajen itace, haƙora sun riga sun sarƙe. Ƙanwarta ke riƙe da masara. Mai riƙe da wake Lydia ce. Da kanta ta zo tun watan jiya, ta ce in daina ba da labarinta, ita za ta riƙa bayarwa, kuma in ka ji yadda take yi wa dangi faɗa sai ka ce sistar asibiti ce.

Jiya ta tambaye ni ko sunanta yana cikin takardar da za a karanta wa manyan likitoci. Na ce a'a, na sakaya, na rubuta “matar majinyaci”. Ta ce, “Malam, matan majinyata ai da yawa suke, kada a zargi wata. Ka ce Lydia ce ta Saminaka.”

Don haka idan ka tsaya gabansu, kada ka yi sauri a wurin kalma talatin ɗin. Ka karanta a hankali, ka ɗaga kai ka faɗi sunanta yadda na bayan ɗaki zai ji. Ƙarin kalma biyu ne kawai a kan ɗari biyu da hamsin. In sun yi ƙorafi, ka ce su rubuto mini.

Zan tsaya nan, lokacin ƙirga ya yi. Ka gaishe da Alice, ka ce ta turo ka gida ko sau ɗaya kafin mu mutu.

Ni ne abokinka,
Ladan Abarshi