Ludayina a Hannun Katafila

Zuwa ga Yaya Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Yaya zaman Fatakwal? Yaya ƙarin haƙurinmu? Mu nan Dutse lafiya lau, na fita takaba ranar Laraba.

Saƙonka ya iso, cewa a ba 'yan gwangwan ƙarafan ɗakin ƙaninka. Jiya na shiga shara, na tarar da 'yar katafilar da ya haɗa da injin tsohuwar rediyo. Na sa mata batir, sai ta ɗaga hannu ta ɗebi ƙasa kamar yana nan. Da na duba hannun, ashe ludayin miyata ne na ƙarfe, wanda na shekara biyu ina cigiya. Har maƙwabta na zarga, shi kuwa yana taya ni nema, yana cewa, "Hafsatu, kin duba bayan randa?" Na zauna ina dariya, hawaye na zuba.

Yaya, a kwashe sauran, amma don Allah ka bar mini wannan. Ka sa shi a addu'a, ka gaida Hajiya. Ludayin kam na yafe masa.

Ƙanwarka,
Hafsatu